Akori-kura Mai Ciki

Shekarun baya, lokacin da damina ta yi mana rowa shekara biyu a jere, na mallaki motata ta farko. Tsararrakina a Sabon Birni da Isa ba sai na tuna musu wannan lokaci ba. Gero ya bushe a tsaye bai fitar da kai ba, gulbi ya koma yashi, mutanen da ba su taɓa sanin garin rogo ba suka koyi jiƙa shi. A irin wannan shekara ni kuma na ga ya dace in sayar da shanun gadona tun ba su mutu a banza ba, in sayi tsohuwar akori-kura. Dabara ce ko wauta, har yau 'yan gidanmu ba su gama yanke hukunci ba.

Wanda ya sayar mini wani Alhaji ne mai kai kaya ƙasar Nijar, wadda mu a nan muke kira Faransa. Ranar da zai miƙo mini makulli sai ya bubbuga gefen motar ya ce, "Ɗan ga, ka yi sa'a. Wagga mai ciki ta, ka riƙe ta da kyau."

Na ce, "Na gani, Alhaji."

Ban ga komai ba. Na ɗauka yana nufin tana da faɗin ciki, wato tana ɗaukar kaya da yawa. Ya ɗan tsaya yana kallona kamar mai jiran tambaya, amma ni a lokacin gara a mare ni da a ce akwai abin da ban sani ba. Daga baya na sha lura cewa akwatin bayanta bai kai na sauran motocin tasha zurfi ba. Tunda dai Alhaji ya ce tana da ciki, sai na ƙaryata idona.

Abin da na fi ƙauna a motar nan ba injinta ba ne, littafinta ne. Na tarar da shi a aljihun gaban motar, da Faransanci, duk ya sha baƙin mai. Faransancin nawa bai wuce na ciniki a kasuwar Maraɗi ba, amma na iya lambobi, kuma akwai zane. A wani shafi na ga hoton tanki, a gabansa an rubuta sittin, da kalmar da ko makaho ya san lita take nufi. Na naɗe littafin a tsumma mai tsabta. Duk direban da ya yi gardama da ni a tasha, sai in zaro masa shi.

Wata huɗu ina tuƙa ta ban taɓa cika tankin ba. Galan biyu, galan uku wajen 'yan bumburutu, iyakar ƙarfina ke nan. Sai wani ɗan kasuwa ya ba ni aikin mako guda, in riƙa kwasar masara daga Shinkafi ina rabawa a ƙauyukan da ko kwalbar fetur ba a samu. Ya ce in cika ta tun daga Isa. Na shiga gidan mai, allurar da ke nuna yawan man tana kwance a ƙasa, ina ta fargabar kada ta mutu mini a bakin ƙofa ta ba ni kunya.

Mai zuba man wani dattijo ne ɗan Tozai, siriri, gemunsa ya fara furfura. Kowa Baba yake ce masa. Ya daɗe a wurin, kuma an san cewa a shekarar nan albashinsa ne ke riƙe da gidansa da na ƙaninsa marigayi, don gonarsu ko kara ba ta bayar ba. Babu wuta a ranar, kamar kullum, saboda haka da hannu yake juya famfon. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe a gefe, shi ake murzawa mai ya hau.

"Baba, a cika ta," na ce, da muryar wanda ya saba faɗin haka.

"Har baki?"

"Har baki."

Ya soma juyawa, lambobi suka soma birgima a bayan gilashi. Arba'in, hamsin. Da ta kusa sittin na matso na kasa kunne in ji ƙarar da tanki ke yi in ya cika. Ban ji ba. Saba'in. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin mota ko zuba take yi, ƙasa a bushe ƙamas. Tamanin. Na ga Baba ya saki ƙarfen da hannun dama, ya yarfa hannun, ya kama da hagu. Casa'in, ɗari. Da ta kai ɗari da huɗu na riƙe masa tsintsiyar hannu.

"Baba, tsaya. Rijiya kaka cikawa?"

Ya share gumi da hularsa ya ce, "Ni ma abin da nika tunani ke nan, ɗana. Motag ga ƙishi gare ta."

Na buɗe aljihun gaba na warware tsumma. "Diba nan. Sittin na anka rubuta. Nasaran da yaƙ ƙera ta da hannunai sittin yac ce. Ƙaƙa tulun sittin za shi ci ɗari da huɗu?"

A shekarar fari ba a rasa 'yan kallo, don ba mai gonar zuwa. Kafin in rufe baki an kewaye mu. Masu shayi, direbobi, har da wani mai raƙumi da ya ɗaure dabbarsa ya zo ya ji ƙarshen zance. Aka kira mai gidan man. Ba mugun mutum ba ne, amma ya fi tsoron a ce gidan mansa na cuta fiye da komai. Ya ce famfonsa lafiya lau yake, ba wanda ya taɓa kawo kuka. Ni kuma na kawo shawarar da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse: a kwance ƙusar ƙasan tanki, a juye man a jarka, kowa ya gani da idonsa.

Aka kawo jarkoki masu cin lita ashirin-ashirin. Ta farko ta cika. Ta biyu ta cika. Ta uku ta kai wuya, man ya koma ɗigo, ya tsaya. Aka jijjiga motar, ba ƙari. Sittin cif, kamar yadda littafina ya faɗa.

Mai gidan man ya juya ya dubi Baba. "Lambar motar haya da tas sha gabanin wagga, ba ka goge ta ba. Bisa gare ta kaɗ ɗora."

Tsohuwar dabara ce, kowa ya san ta, kuma lissafin ya zauna daidai a ran kowa.

Baba ya ce, "Na goge. Da hannuna nig goge." Sannan ya ƙara da cewa, "Ko ban dibi lamba ba, hannuna ya san sittin. Shekara nawa nika juya ƙarhen ga? In na kai sittin kahwaɗata ka hwaɗa min. Yau sai da nic canza hannu."

Wani ya yi dariya. Ni kuma, da jin an yi dariya, sai na ɗora. Na ɗaga littafin sama na ce, "Tau, jama'a, sai mu aje littahi mu riƙa tambayar kahwaɗa."

Aka bushe da dariya. Mai gidan man ya miƙa hannu, Baba ya ciro makullin famfo daga wuyansa ya ba shi. Ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa. Bai zage ni ba, bai ma kalle ni ba. Motar ya tsaya yana kallo, daga gaba har baya, irin kallon wanda ke son ya gane wani abu. Sannan ya kama hanya.

Aka mayar mini da sittin ɗina a tanki, na biya na sittin, na fita ina jin kaina wani babban malami.

Mako uku na yi ina ba da labarin nan a tasha, kullum yana ƙara tsawo. Amma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. In ina tuƙi ni kaɗai, sai in riƙa ganin hannun nan da ya yarfa. Mutumin da ya zuba sittin kawai, me zai gajiyar da shi har ya canza hannu? Kuma kamar na tuna na ga gilashin a sifili kafin ya fara. Kamar dai. Sai in ce wa kaina ai mai ba aljani ba ne da zai shiga mota ya ɓace, an juye a gaban mutane, jarka uku. In kawar da tunanin, bayan mil biyu ya dawo. Ba tausayi ne ke damuna ba a lokacin, gaskiya, son sani ne kawai. Ina son in san inda lita arba'in da huɗu za ta iya shiga, in har ta shiga.

Mahaifiyata ce ta warware mini, kuma ba ta taɓa buɗe littafin mota ba. An yi rasuwa a dangi a Turba, na ɗauke ta da maƙwabtanta da wasu maza uku za mu gaisuwa. Na buɗe mata gaba ta ƙi, ta ce ba za ta bar ƙawayenta a rana ita ta shiga inuwa ba. Suka shimfiɗa tabarma a baya suka zauna. Na koma halina na galan biyu, kuma ranar lissafina ya kuskure. Muna cikin yashi, saura kaɗan mu isa, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Mai ya ƙare.

Mazan suka sauka suna turawa zuwa gindin wani gawo, ni ina riƙe da sitiyari. Ba ƙarar inji, ba iska, ko tsuntsu babu. Sai na ji ana buga rufin mota. Mahaifiyata ce. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

"Kai wanga. Ruwa kaɓ ɓoye ƙarƙashinmu?"

"Wane ruwa, Inna?"

"Ina jin shi. In anka tura shi tahi gaba, in anka tsaya shi komo. Mutane na ƙishi kai kana yawo da ruwa?"

A shekarar nan kunnen kowace mace ya ƙware da jin motsin ruwa. Na hau baya, na kwanta na manna kunne a daɓen motar, na ce a jijjiga. Na ji shi sarai, ɓulum, ɓulum, a hankali, daidai ƙarƙashin inda ta zauna. Tanki kuwa na san a bushe yake, shi ya sa muke tsaye.

Wani mai babur ya taimake mu da galan guda, muka je muka yi gaisuwa. Allah Ya gafarta mini, ban san addu'ar da aka yi ba, hankalina na ƙarƙashin mota. Da muka dawo Sabon Birni na sauke su, ban ko sha ruwa ba na wuce garejin abokina bakanike.

Ya ɗauki sufana ya ƙwanƙwasa daɓen, gaba da tsakiya da baya. Ƙarar ba ɗaya ba ce. Ya shiga ƙasa ya kwance tayar ko-ta-kwana, ya kankare busasshiyar laka da farce. Sai ga ɗan ƙaramin famfo na tagulla, bai fi babban yatsa ba. Ya fito yana dariya har sai da ya zauna a ƙasa.

"Mutumina, wa yas sai maka mai ciki bai hwaɗa maka ba?"

Na ce, "Ya hwaɗa."

"Kai kac ce mi?"

"Nic ce na gani."

Sai da ya gama dariyarsa sannan ya yi mini bayanin abin da ashe duk wanda ya taɓa tsallaka iyaka da kaya ya sani, ban da ni. Fetur na da araha a nan, yana da tsada a Faransa. Masu wannan harka sai su kai motar wajen mai walda, ya ɗaga daɓen baya, ya shimfiɗa wani faffaɗan tanki a ƙasa, ya rufe da sabon daɓe. A raba bututun zuba mai gida biyu daga can ciki. In tankin ainihi ya cika, rarar sai ta gangara cikin na ɓoye. Ba ya haɗe da inji, ba ya haɗe da allura, kuma ko ka juye tankin ainihi kaf, shi ba abin da ya dame shi. Irin wannan mota ita ce mai ciki. In an tsallaka aka buɗe ɗan famfon nan, sai a ce ta haihu.

Ya sa jarka ya murɗa. Man ya zubo, fes, da ƙamshinsa. Jarka ɗaya, jarka biyu, da ɗan ƙari a ta uku. Ya ɗaga ya auna da ido ya ce, "Arba'in da huɗu. Barka, ta haihu lahiya."

Ban yi dariya ba. Mako uku ke nan ina yawo da gaskiyar dattijon nan a ƙarƙashina, ina taka ta da buhunan masara, ina kuma ba da labarin yadda na kama ɓarawo.

Da safe na ɗora jarkokin na nufi Isa. Mai gidan man ya saurare ni har na gama, ya leƙa ya ga famfon tagullar. Sannan ya ce, "Kai kat tara jama'a ran nan. Tara su yau." Na tsaya a tsakiyar gidan man na ɗaga murya na faɗi abin da ya faru. Na lura da wani abu: waɗanda suka zo jin an wanke Baba ba su kai rabin waɗanda suka zo kallon an kama shi ba. Mai raƙumin nan kuwa Allah kaɗai Ya san garin da ya kai labarin. Mai gidan man ya ce in je in zo da shi.

Na same shi a Tozai, a ƙofar gida, yana tufka igiyar kaba ta sayarwa. Daga cikin gida ina jin daka. A wannan shekara ƙarar turmi ba abin ji kullum ba ce, sai na ce, don in sami abin faɗa, "Baba, ashe an samu hatsi."

Ya ce, "Iri na. Shekaranjiya munka taɓa shi."

Wanda bai yi noma ba ba zai san nauyin maganar nan ba. Iri shi ne ɗan geron da ake ɓoyewa don shukar baɗi, kuma ba a kai masa hannu sai an rasa kowace dabara. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, tun daga maganar Alhaji har zuwa kunnen mahaifiyata. Na roƙe shi gafara. Na shirya wa faɗa, na shirya wa Allah ya isa.

Ya ajiye igiyar, ya buɗe tafin hannunsa na dama yana kallo. Ya ce, "Ashe bai yi ƙarya ba."

Ya ci gaba, a hankali. "Ɗana, ban yi hushi da kai ba. Na ga jarka ukku da idona. Kwana ashirin hannun ga nika tuhuma. Nic ce ko tsuhwa ta, ko na mance ban goge lamba ba. Hal liman nit tambaya hukuncin wanda yac ci haƙƙin mutane da mantuwa. In na yi maka ban sani ba, wa ya san mutum nawa niy yi ma?"

Wannan ce maganar da ta karya ni. Na san na raba shi da aikinsa, na san na ɓata masa suna. Ban san na sa ya daina yarda da hannunsa ba. Na yi kuka a ƙofar gidan mutane, da girmana.

Shi kuwa ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Tashi ka gwada min wurin da yas shiga." Da kansa ya kwanta a yashi ya ja jiki ƙarƙashin motar. Ina jin shi yana ƙwanƙwasawa, yana bin bututu da yatsa, yana tambaya daga can ƙasa: a ina aka raba shi, nawa yake ci in an bar shi ya cika, wa ya yi waldar. Da ya fito fuskarsa duk ƙasa, yana murmushi. Ya ce da ban riƙe masa hannu ba ran nan, da mun san iyakarta.

A gaba na zaunar da shi muka koma Isa, aka mayar masa da makullinsa. Saura maganar iri. Na ce zan sayo masa a Shinkafi, mahaifiyata ta ce geron kudu bai san ƙasarmu ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tulu da ta liƙe bakinsa da laka, wanda ni kaina ban san da shi ba. Ta raba abin da ke ciki biyu, ta ce in kai masa rabi. Na ce ai laifina ne, ba nata ba. Ta ce, "Kai kaɓ ɓata, amma ni nih haihe ka."

Na yi niyyar sa a yanke tankin, Baba ya hana. Ya ce mai yawon ƙauyuka ba ya raina guzuri. Abokina ya haɗa shi da inji, ya zama ina yin mako ban nemi mai ba. Kuma har Baba ya bar aiki, duk ranar da na tsaya gabansa sai ya kama ƙarfen ya tambaye ni, fuska a ɗaure kamar da gaske, "Ita ɗai za ta sha, ko har da cikin?"

Ya daɗe da rasuwa yanzu, motar ma ta koma tarkacen ƙarfen da ake sayarwa a awo. Littafin yana nan a akwatina, kuma ban taɓa jin haushinsa ba, don bai yi ƙarya ba. Ya faɗi yadda motar take ranar da ta bar hannun maƙerinta, bai san ta zo ta zauna a bakin iyaka ba. Alhaji ma bai ɓoye mini komai ba, da bakinsa ya faɗa, ya kuma tsaya jiran tambaya.

'Ya'yana na yi mini tsiya cewa na cika tambaya. A asibiti, a kasuwa, ko wajen mai gyaran waya, in aka faɗi kalmar da ban sani ba sai na tsayar da mutum na ce ban gane ba, a sake. Suna jin kunya, su riƙa zungurina. Ba na damuwa. Ni na san abin da aka daka a wani gida a Tozai saboda na ce na gani, alhali ban gani ba.